Daga Durum Zuwa Jidda, Awa Nawa Ne?



Ran nan bayan mun idar da Magariba, wani yaronmu da Allah ya ba kujerar Makka bana ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya ce, "Baba Liman, wai awa nawa ne daga nan zuwa Jidda? Kawuna ya ce huɗu da rabi. Maƙwabcinmu kuwa da ya je bayan an fara yaƙin Sudan ya ce shi sai da awa shida ta wuce yana zaune a kujera. Wane ne bai faɗi daidai ba?" Na ce masa duk su biyun gaskiya suka faɗa. Ya dube ni kamar na mai da shi yaro. To, irin wannan magana ba ta ƙarewa a tsaye, ga Isha'i ta matso, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan kowa ya samu.

Mu fara da abin da ba ya motsi. Daga filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Durum zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda, in aka ja zare ɗoɗar ba kwana, kimanin kilomita 3,370 ne. In a Madina za a sauka, ya ɗara 3,500. Ni ba ɗan boko ba ne, lissafin da na iya na kanti ne da na rabon gado, amma wannan bai fi ƙarfina ba. Babban jirgi in ya daidaita a sama yakan ci kamar kilomita 850 a awa. Raba 3,370 da 850, ka sami awa huɗu ba kaɗan. Sai ka ƙara lokacin hawa da na saukowa, da 'yar kwanar da ake yi, don su ma matuƙa akwai layin da aka shata musu, ba gaba gaɗi suke tafiya ba. Ga awa huɗu da rabin kawun nan ta fito.

Akwai abin da ke ba ni mamaki kullum in na tuna. Nisan da muka karanta a littattafan Malikiyya wanda matafiyi ke yin ƙasaru a kansa mil 48 ne, wato wajen kilomita 80. Tafiyar yini biyu ce ga raƙumi da kaya. Jirgi cikin minti shida yake shanye ta. Kafin ka gama addu'ar hawa abin hawa ka gyara zama, ka riga ka zama matafiyi sau biyu. Sannan agogon can ya riga namu da awa biyu, don Makka tana gabas da mu da daraja 30, rana kuwa daraja 15 take ci a awa. Wanda ya tashi daga Durum ƙarfe huɗu na yamma, in ya sauka agogon hannunsa zai ce takwas da rabi, na bangon filin jirgi ya ce goma da rabi. Magariba a sama take riskarsa, da wuri fiye da yadda ya saba. Na sha ganin dattijo yana musu da ma'aikacin jirgi a kan wannan, shi da agogonsa na Bauchi.

Zaren nan da na ce a ja, ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne alƙiblar da muke fuskanta sau biyar a yini: gabas mai ɗan karkata arewa. In ka miƙe daga sahun masallacinmu ba ka kauce ba, ta kan Maiduguri za ka bi, ka gifta gefen Tafkin Chadi, ka ratsa ƙasar Chadi ta arewa da Abashe, ka faɗa Sudan, ka tsallake kogin Nilu can arewa da Khartum, ka ɓullo bakin Bahar Maliya. Abin da ya kusa rabin hanyar duk a kan ƙasar Sudan yake. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu bari in gangaro ƙasa, don tafiyar a ƙasa aka fara ta.

Kakanninmu fatake ne, kamar kakannin yawancin mutanen unguwar nan. Sun san zango, sun san madugu, sun san abin da jaki zai ci a yini da mangala a bayansa. Ƙanen kakana maɗinkin hula ne. Kafin yaƙin Hitila ya ɗaura niyyar Gabas, shi da matarsa da jaki ɗaya. Kakarmu ta ce sai da ya bi gida gida yana neman gafara, ya biya bashin da ake bin sa, ya bar wasiyya, aka raka shi bayan gari ana kuka kamar an kai gawa. Haka ake yi a lokacin, don mai tafiya Gabas ba a sa masa ranar dawowa. Guzurinsa allura da zare ne. Kada wani ya ce ganganci ne: a mazhabarmu, wanda ke da lafiyar taka ƙasa, kuma yana da sana'ar da za ta ci da shi a hanya, to ana lissafa shi cikin masu iko, ko ba shi da abin hawa, muddin hanya da aminci. Wannan fatawa ita ta fitar da dubban talakawa daga ƙasar Hausa da Barno, wanzamai da dukawa da mahauta da almajirai, kowa da sana'arsa a hannu.

Hanyar kuwa sananniya ce. Daga nan a nufi Barno, a ƙetare kogin Shari a inda Faransawa suka kafa Fort Lami, wato Njamena ta yau. Daga nan sai Wadai, a yada zango a Abashe. A shiga Darfur ta Aljinaina, a wuce Alfashir, a ratsa Kurdufan zuwa Al'ubayyid, inda layin dogo ya iso tun kafin yaƙin duniya na farko. Mai kuɗin jirgin ƙasa ya hau, maras shi ya ci gaba da takawa har bakin Nilu. Ƙarshen tudu shi ne Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa, inda ake tsare mutane a yi musu lamba a duba takardu kafin su tsallaka. Tsakanin Sawakin da Jidda ruwa ne na sama da kilomita 300. Yau jirgi bai fi minti ashirin da 'yan kai a kansa ba. A da kuwa wanda ba shi da takarda ko kuɗin babban jirgi sai ya biya masu kwalekwalen iska su tsallakar da shi da dare, su sauke shi a duk gaɓar da suka ga dama. An yi asarar rayuka a nan, an kuma sayar da 'ya'yan mutane, don ba a soke bauta a Saudiyya ba sai 1962.

In da tafiya ce zalla, ayarin da ke cin kilomita 25 a yini zai gama tsawon zaren nan cikin kwana 135. A ce hanyar ƙasa ta fi tsawo, ga hutu, ga ciwo, a ba shi wata bakwai ko takwas. Amma ƙanen kakana shekara tara ya yi kafin ya ga Ka'aba. Ba nisa ya riƙe shi ba, aljihu ne. Damina ta same shi a Wadai ya tsaya ya yi noma. Matarsa ta haihu a Darfur suka zauna har aka yaye. Da suka isa Jazira, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, sai suka tarar da aikin auduga. Turawan Ingila sun gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, sun buɗe gonakin auduga da ido ba ya ganin ƙarshensu, suna neman hannu. Mutanenmu suka zama su ne hannun. Ana kiran su Takari, ana kiran su Fallata. A tsinci auduga, a tara, ciwo ko suna ko biki ya cinye, a sake tarawa.

Kuma ba su ne na farko ba. Bayan Nasara sun ci Bauchi a 1902, suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya nufi Gabas, jama'a suka bi shi garari. A Burmi, nan bakin Gongola cikin ƙasar Gombe, aka yi karon ƙarshe ranar 27 ga Yuli 1903, ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutane suka ci gaba, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Garin yana nan har gobe, sunansa Mai Wurno, Hausa da Fillanci ake yi a kasuwarsa. Saboda haka mai takawa daga Bauchi ba cikin baƙi yake tafiya ba. Daga zango zuwa zango yake faɗawa, kowane da limaminsa da mai unguwarsa da mai tuwonsa, irin namu sak. Ƙanen kakana ya sauke farali, ya juyo, ya iso wani ƙauye a ƙasar Sinnar ya ce bari ya huta damina ɗaya. Kabarinsa yana can.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, jirgin sama ma da ya fara zuwa ƙasar nan, sawun alhazai ya biyo, sai dai shi daga Gabas ya taho. Jirage uku na sojan saman Ingila sun tashi daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba 1925, suka gangaro Khartum, suka biyo ta Kurdufan da Darfur da Chadi da Maiduguri, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. Kwana shida, suna sauka suna shan mai. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano a kan wannan layi, yana ɗaukar wasiƙu da 'yan fasinjoji. Zangon jirgi shi ne zangon jaki: Al'ubayyid, Alfashir, Aljinaina, Fort Lami, Maiduguri. Ina raya wa a raina cewa ƙanen kakana ya taɓa ɗaga kai daga ɗinkinsa ya ga ɗayansu ya wuce, ya nufi inda ya baro.

Masu hali tun kafin nan sun sami wata dabara. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko a 1921 ta Ikko ya bi, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, daga can ya zagayo Jidda. Hanya ce mai ninkin nisa, amma ta fi sauri nesa ba kusa ba. Bayan yaƙin Hitila sai zamanin manyan motoci ya zo. A 1948 su Alhaji Mahmud Ɗantata suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma a Kano, wadda ake taƙaita sunanta WAPA. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa canjin kuɗi Wapa a Fagge, to sunan daga nan ya samo asali. Mota ta mai da tafiyar shekaru ta koma ta watanni. Cikin shekarun 1950 jiragen farfela suka fara ɗaukar alhazai daga Kano, Sardauna ya yi hajjinsa na farko a 1955, manya suka bi, attajirai suka bi. Da kuɗin mai suka shigo, aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, alhazan Nijeriya suka haura dubu 100 a 1977.

A shekarar ce mahaifina ya tafi, Allah ya jiƙansa. Ina ƙarami, amma ina tuna an cika mota har da masu rakiya zuwa Kano. Ya dawo da haƙorin Makka da rediyo da wani labari da ya fi su duka: a Mina ya ji wani yana Hausa da karin harshen Larabawa, aka yi tambayar asali, ashe ɗan ƙanen babansa ne, wanda aka haifa a Darfur. Suka rungume juna suna kuka. Ɗaya awa huɗu da rabi ta kawo shi, ɗaya kuwa gidansu ya yi shekara arba'in a hanya bai koma ba. Daga ranar zumunci ya ɗore, da wasiƙar ajami, da kaset da ake aikowa ta hannun alhazai, har aka zo zamanin WhatsApp.

Kada kuma a ɗauka saurin nan kyauta aka same shi. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin Boeing 707 ɗauke da alhazai daga Jidda, wanda ya nufi Ikko aka karkatar da shi Kano saboda yanayi, ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgin ya tashi daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato, tayarsa ta kama wuta tun wajen tashi, ya juyo bai kai ga sauka ba. Mutum 261, ba wanda ya fita. Wannan ina kanti na ji shi a rediyo, kasuwa ta yi tsit. Binciken da aka yi ya nuna iskar taya ce ba ta cika ba, aka ƙi tsayawa a gyara don kada a makara. Allah ya karɓi shahadarsu.

Mu mutanen Bauchi mun daɗe muna yin wani abu mai kama da almara. Kano tana arewa maso yamma da mu, wajen kilomita 300 ta Ningi da Birnin Kudu. Filin jirgin Malam Aminu Kano kuwa ya fi Durum nisa da Jidda da kamar kilomita 50. Wato maniyyaci ya yini a mota yana nisantar Makka, sannan ya hau jirgi ya dawo ta saman ƙasar da ya baro. Ni ma haka na yi a nawa hajjin. Tafiyar sama ba ta dame ni ba, kafin in gama lazimi an ce a ɗaura bel. Jira ne ya ci mu. A dawowa kwana uku muka yi kan jakunkunanmu, kamfanin da ya ɗauko mu kullum sai ya ce jirgi yana hanya. Wani tsoho daga ƙauye da ke kusa da ni ya ce, "Malam, ashe shi ma jirgin sama yana da ranar da jakinsa ke ƙin tashi." Tun daga nan in aka tambaye ni awa nawa ne, nakan ce na sama ko na ƙasa?

Da aka buɗe filin Durum a 2014, zamanin Gwamna Isa Yuguda, wannan wahala ta ragu ƙwarai. Sama da kilomita 20 kaɗan ne daga gari a kan hanyar Ningi. Mutum ya yi sallama da iyalinsa da hantsi, ya yi Isha'i a Madina. Muka saba, har muka ɗauka haka Allah ya halicci hanyar.

Sai ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin azumi, yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojan gwamnati da dakarun RSF. Aka rufe sararin samaniyar Sudan ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Na ce ku riƙe cewa kusan rabin zaren nan a kan Sudan yake. To, da aka toshe shi sai zagaye, ko dai a haura arewa a faɗa ta Masar, ko a gangara kudu a ɓullo ta Habasha. Tafiyar awa huɗu da rabi ta koma shida ko fiye. Jirgi kuwa kowane minti mai yake sha. Kamfanoni suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera, aka yi ta ja-in-ja da hukumar NAHCON, daga ƙarshe aka zaftare dala 100 daga guzurin kowane alhaji don a cike giɓin. Ga amsar maƙwabcin yaron nan. Jidda ba ta matsa ko taku ɗaya ba, hanya ce ta rasa aminci, sharaɗin nan dai da malamai suka ambata tun zamanin jaki.

Ni a ganina ma shekarun da kakanninmu suka kashe a hanya ba ɓacewa suka yi ba, wuri suka sauya. Kujerar da ta kusa naira miliyan 3 a 2023 ta haura miliyan 8 a 2025. Ƙaramin ɗan kasuwa irina shekara nawa zai yi yana adashi kafin ya haɗa wannan? Ƙanen kakana ya tsinci audugarsa a Jazira yana matsawa gaba kaɗan kaɗan. Mu muna tsintar tamu a kasuwar Wunti da Muda Lawal, muna zaune wuri ɗaya, naira tana zamewa a hannunmu. In an kai shekara tara ana tarawa, to an yi kunnen doki da mai jaki, sai dai shi ya ga duniya.

Amma ba kuɗin ne ya sa na ɗauki biro ba. Na ji alhazanmu suna ƙorafin ƙarin awa biyu, ƙafa ta kumbura, baya ya ƙage. Gaskiya ne, tsoho ya san abin da ya ji a jikinsa. Sai dai ban ji wanda ya tambayi abin da ke faruwa a ƙasan wurin da jirgin ya kauce wa ba. Garuruwan da aka yi ta ambata a labarai, Aljinaina da Alfashir da Al'ubayyid, su ne zangunan da na lissafa muku ɗazu. Wad Madani, babban birnin Jazira, ya faɗa hannun RSF a Disamba 2023, yaƙin ya gangara ƙasar Sinnar a shekarar da ta biyo. Tun kafin wannan ma, a Yuli 2022, an yi rikicin ƙasa a jihar Shuɗin Nilu inda aka kashe Hausawa da maƙwabtansu da yawa, ana ce wa mutanen da aka haifi kakanninsu a can wai baƙi ne. Mu da ke zaune a unguwa irin tamu ai mun san ɗacin wannan kalma, ko ba a taɓa faɗa mana ita da makami ba. Ɗalibanmu da ke karatu a Khartum an kwaso su a motoci zuwa iyakar Masar da Bur Sudan, aka sa su a jirgi suka dawo gida, alhamdu lillahi. Su kuwa waɗancan ba su da fasfon da zai sa a aiko musu da mota.

Na tabbata ba gidanmu kaɗai ke da dangi a can ba. In kuka tambayi tsofaffin gidajenku za ku ji wani kawu ko wata gwaggo da suka tafi Gabas ba su dawo ba. Na ajiye littafi a kantina. Duk wanda ya san sunan nasa, da garin da aka ce ya zauna, ko yana da wata tsohuwar wasiƙa ko lambar waya, ya zo mu rubuta. Maniyyatan bana kuma zan ba kowannenku kofe, don 'yan Sudan suna zuwa hajji ta ruwa da ta sama duk da halin da ake ciki, kuma Takari suna da yawa a Makka da Madina. Yadda mahaifina ya ji Hausa a Mina ya waiwaya, ku ma ku waiwaya ku yi tambaya.

Jikan ƙanen kakana sa'ana ne, shi ma yana limanci a ƙauyensu. Saƙon muryarsa na ƙarshe ya shigo wayata ana tsakiyar damina a 2024. Ya ce sun loda mata da yara a keken jaki sun nufi Gadarif, in sun sami wurin da waya ke kamawa zai kira. Ya tambaye ni ko an yi shuka a Bauchi.